Tamfol ɗin Sahabi

Daga Yamai zuwa ƙauyenmu tafiyar wuni ɗaya ce. Mutum ya shiga mota da sassafe, la'asar ta yi masa a Ƙonni, ya ƙetara iyaka zuwa Illela, babur ya ƙarasa da shi gida kafin a kira magariba. Ni na yi shekara tara ban yi wannan tafiyar ba. Hanya ba ta hana ni ba, ciwo bai hana ni ba. Inna ce a ƙarshen hanyar, ni kuwa na aika mata da ƙarya a kan mutuwar yayana Sahabi, kuma ban san da wace fuska zan zauna gabanta ba.

Mu biyu muka shigo ƙasar nan neman aikin fenti. Sahabi ya girme ni da shekara huɗu. Shi ya koyi aikin a Sakkwato, ni a hannunsa na koya. Bahago ne, mai saurin hannu da saurin baki. Ni kuwa tun ina ƙarami ake ce mini Labbo mai nawa. A Ƙonni wani jandarma ya yi mana tambaya da Faransanci, Sahabi ya yi ta gyaɗa kai yana cewa "wi, wi," har mutumin ya gaji ya koma Hausa, wadda ta fi tamu kyau. Da muka koma mota na ce, "Yaya, me ya ce da farko?"

Ya ce, "Ya ce ƙanenka ya cika tambaya."

A Doso na fara jin na bar gida. Mata suna ta ciniki da Zabarmanci a bakin tagar mota, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na duba Sahabi, na ga shi ma ya yi shiru, abin da ba ya yi.

A Yamai Katako muka nufa, wurin masu sayar da katako, don an ce mana akwai ƴan garinmu a can. Ba mu same su ba. Wanda muka samu wani mutum ne mai tsabtar riga, da ya ji Hausarmu ya ce shi ma daga wajenmu yake, ya rungume mu kamar ya ga ƙannensa. Shi ya samo mana aikinmu na farko, shagon wani tela a Zongo, shi kuma ya sayar mana da gwangwanayen fenti uku a rufe. Da muka buɗe su a gaban telan, fentin bai wuce gaɓar yatsa ba. Ƙarƙashinsa yashi ne da ruwa. Telan ya leƙa, ya ce wani abu da Zabarmanci, mutanen shagon suka yi dariya. Sahabi ya sa hannu ya ɗebo yashin, ya murza shi, ya ce, "Labbo, ko ba komai yau mun mallaki ƙasa a Yamai."

Muka koma Katako neman mai tsabtar riga. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Muka zauna kan gwangwanayen har azahar ta wuce. Wata Bazabarma mai sayar da dambu da zogale a bakin rumfuna, sunanta Hamsatu, ita ta lura da mu. Ba ta jin Hausa sosai, mu ba ma jin nata ko kaɗan. Ta zuba dambu a faranti ɗaya ta turo mana, ta ce, "Kala suru." Daga baya na san ma'anarsa, sai haƙuri. Ita ce maganar Zabarmanci ta farko da na riƙe.

Bayan wata biyu aka yi wa Hamsatu rumfar kwano, sai ta ba mu tamfol ɗin da take yin inuwa da shi. Na tsohuwar babbar mota ne, yadi mai kauri, taku shida a tsawo, da jan faci a kusurwa ɗaya. Sahabi ya yi murna da shi fiye da yadda na zata. Daga ranar ba ya buɗe gwangwani sai an shimfiɗa shi, don ba ya son a ce mun ɓata wa mutane daɓe. Kuma shimfiɗar iri ɗaya ce kullum. Jan facin a hannun hagu, jikin bango. Hagu nasa, dama nawa. In aiki ya kai sama, shi ke hawa tsani, ni ke riƙewa.

Yana da wata ɗabi'a. In ya tsoma burushi sai ya yarfa shi sau ɗaya gefe kafin ya kai bango, fentin ya sauka a tamfol a lanƙwashe kamar lauje. Bai taɓa barin burushi ya yi ɗigo a hannunsa ba. Ni ne mai ɗigo, manya-manya, don nakan tsaya tunani da burushi a hannu. Sai in ji muryarsa, "Labbo, burushinka na kuka. Farka."

Shekara biyar muka yi haka. Mun shafe shaguna, mun shafe masallacin unguwa, mun shafe gidajen da ba a bar mu mu sha ruwa a cikinsu ba, da waɗanda aka ba mu abinci a kwanon da masu gida ke ci. Kowane gida ya bar launinsa a tamfol. Wata rana Sahabi ya taka farin fenti ba takalmi, ya bar sawunsa a tsakiya, har da ƙaramin yatsansa da ya hau kan na kusa da shi tun haihuwa. Na ce a goge. Ya ce, "Bar shi, sa hannuna ne." Mu duka ba mu iya rubutu ba a lokacin.

Gidan ƙarshe bene ne, a wani sabon kartiye, wato unguwa, da ko kwalta bai samu ba. Mai gidan ya zaɓi kore mai duhu, irin na ganyen mangwaro, launin da ba mu taɓa shafawa ba. Hantsi ya ɗaga. Sahabi yana can sama wajen tagar bene, bokiti a rataye a jikin tsani, ni ina ƙasa ina riƙe. Mai gadin gidan Buzu ne, yana dafa shayi a gindin katanga kusa da mu. Yana ɗaga buta sama yana zubawa a ɗan kofi, yana mayarwa, kumfa na tashi. Idona na kansa. Da ya gama ya miƙo mini. Taku biyu ne tsakaninmu. Na saki tsani.

Ƙarar bokiti na fara ji. Sannan ta faɗuwar Sahabi, wadda ba ta kai ta bokitin ba.

Kafin taksi ya kai mu likita ya cika, kansa a cinyata, koren fenti a gemunsa. Masu katako suka yi masa sutura da salla. Hamsatu ta zo ta tsaya daga nesa, ta faɗi kalmar nan tata, ta tafi.

Bayan kwana biyu na koma ɗaukar kayan aiki. Na tarar da tsani kwance a ƙasa, gefen bango. Da na gan shi kwance sai na ce a raina, shi ke nan, na saki, ya zame. Ban tambayi mai gadin ba, shi ma bai ɗago ido ya dube ni ba. Na kawar da kai na naɗe tamfol da busasshen fentinsa, na ɗaure da igiya, na tura shi ƙarƙashin gado.

Akwai wani direba da ke bin hanyar Illela, yana wurin jana'izar. Na roƙe shi ya je ya gaya wa Inna cewa zazzaɓi ne, kwana uku, kuma ina kusa da shi har ƙarshe. Ya dube ni ya ce to.

Matar Sahabi ta gama takaba, daga baya ta yi aure a wani gari. Ni ban yi aure ba, don aure sai da dangi, ni kuwa dangin nake gudu. Da salla nakan kira wayar maƙwabcinmu a kai wa Inna. Gaisuwa ce kawai, sai ta ce, "Labbo, yaushe?" In ce, "Bayan damina, Inna." Damina tara.

Na ci gaba da aiki ni kaɗai, leda nake shimfiɗawa. Shayi na daina sha. Ina hawa tsani ba mai riƙe mini. Wani lokaci ina can sama da rana tsaka, tsani na ɗan rawa, sai in ji ya tsaya cak kamar an dafa shi daga ƙasa. Ba na dubawa. Nakan gama shafar da ke gabana, in sauko ina kallon bango. A shekara ta takwas na shiga makarantar manya da ake yi da la'asar a kartiyenmu, don in riƙa karanta abin da ke jikin gwangwani da kaina. Sunan da na fara rubutawa ba nawa ba ne.

Sai aiki ya kai ni unguwar Banifandu, gidan wasu mutanen Damagaram. Ƴar mai gidan, Madam Ramatu, ta yi karatu a ƙasar waje, ita ke da ɗakin baya da aka ce in shafe. Ta nuna mini ɗakin ta fita. Na duba jakata, ashe na manta leda. A kusurwa na ga wani babban yadi a naɗe, a jingine. Na warware shi. Duk fenti ne, baƙi da fari da ja da ruwan ƙasa, zube-zube da yarfe-yarfe, babu inda ya tsira. Na ce a raina, ashe wani mai fenti ya riga ni zuwa gidan nan, kuma ƙazami ne. Na shimfiɗa shi, na ɗora tsani, na hau.

Na kusa gama bango ɗaya ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi Faransanci mai tsawo. Sannan ta juyo Hausa.

"Malam, sauko. A hankali. Kada ka taka ko'ina."

"Madam, in ban taka ko'ina ba, ta ina zan sauko?"

"Ka san a kan me kake tsaye?"

"Tamfol."

"Wata biyu na yi ina yin wannan tamfol ɗin. Tablo ne. Zane ne. Wurin nuni za a kai shi."

Na sauko da ƙafa ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake kwata. Na duba yadin, na dube ta. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Madam. Amma wa ya ɓata miki shi haka tun kafin in zo?"

 Sai dariya ta kama ta har ta zauna kan gwangwanina.

Ba ta kore ni ba. Washegari da na zo na same ta a tsakar gida ta shimfiɗa sabon yadi a ƙasa. Ba burushi a hannunta. Sanda ce take tsomawa a fenti, tana zagaya yadin tana zubawa, wani wuri ta yarfa, wani wuri ta bari ya zuba siriri kamar zare. Ta ce wasu masu zane a Amurka suka fara shahara da irin wannan tun kakanninmu na samari, mutane suka ce hauka ne, kowa ma zai iya.

Na ce, "To hoton mene ne?"

"Ba hoton komai ba ne. In ka ga sawu a yashi, kana tambaya hoton mene ne? Cewa kake wa ya wuce nan, ina ya nufa, gudu yake ko tafiya." Ta sa aka ɗauko wanda na taka jiya, ta shimfiɗa. "Manta da sauran. Bi baƙin kaɗai. Daga ina ya shigo?"

Na bi shi da ido. Da farko ya ɓace mini, sai na sake kama shi. Ya zagaya sau uku, kuma faɗin zagayen ɗaya ne duk sau ukun, daidai tsawon hannunta. Abin da na ɗauka hargitsi ne ashe yana da hanya, kamar turbar awaki a cikin daji. Na nuna da yatsa. "Nan kika tsaya. Nan kika juya baya. Nan hannunki ya gaji, don zaren ya yi kauri. Jan kuma daga baya ya zo, kwana biyu ko uku, don ya hau kan baƙin bai haɗu da shi ba."

Ta dube ni. "Wa ya koya maka?"

"Wanda ya daɗe yana shafe bango ya san wane fenti ya riga wane."

Ta nuna wasu fararen ɗigo manya a gefe. "Waɗannan naka ne na jiya. Ba zan goge su ba. Mai su ba ya sauri. Yana tsayawa, hankalinsa ya tafi wani wuri."

Maganar ta sosa ni, ban san dalili ba. Na ji bakina yana cewa, "Ina da wanda ya fi naki a gida. Mu biyu muka yi shi, shekara biyar."

"Kawo in gani."

Na yi nadama tun kafin ta rufe baki. Kwana huɗu tana tambaya ina cewa na manta. Rana ta biyar ina cin abinci wayata ta yi ƙara. Maƙwabcinmu ne na gida. Ya ce idon Inna ya tafi gaba ɗaya tun kaka, yanzu kuma ba ta wuce bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce, "Ban ce wani abu zai faru ba, Labbo. Amma in kana da niyyar zuwa, ka zo."

Da safe na jawo tamfol daga ƙarƙashin gado. Igiyar ta ci jikinsa. Na sa shi a taksi zuwa Banifandu, don ban iya buɗe shi ni kaɗai ba.

Muka warware shi a tsakar gida, fentin yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ban san lokacin da na juya jan facin zuwa hagu, jikin bango ba. Madam Ramatu ta hau matakala uku ta tsaya tana kallo. 

Sai ta ce, "Mutum biyu ne. Na hagu bahago ne. Ba ya shakka, hannunsa ya san inda za shi. Na dama na san shi."

Ban taɓa gaya mata Sahabi bahago ne ba. Ban taɓa gaya mata sunansa ba.

Na shiga nuna mata. Shuɗin can ƙasa shagon telan Zongo ne, wanda ya sake kiranmu bayan ya gama yi mana dariya. Ruwan hoda gidan wata amarya. Farin masallaci. Laujen Sahabi ɗaruruwa, duk sun kwanta gefe ɗaya kamar gero bayan iska. Ɗigona a dama, kowanne zaune shi kaɗai. A tsakiya inda muke haɗuwa launuka sun shiga juna, ga sawunsa fari.

Ta ce, "Koren fa? Shi ne a saman kowa."

Na gaya mata. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa. Na ce, "Na saki tsani don kofin shayi, ya zame da shi."

Ta sauko ta tsuguna a bakin koren. Ya malale wuri mai faɗi, inda bokitin ya kife. Ta ce, "Tsanin a ina ya tsaya?"

Shekara tara ban dubi wurin nan ba. Na duba. A cikin koren akwai gurbi biyu masu kusurwa huɗu, fentin bai shiga cikinsu ba, ana ganin tsofaffin launuka a ƙasa. Ƙafafun tsani ne.

Ta ce, "In da ya zame, me za mu gani? Kai ka fi ni sani."

"Da ya ja fentin. Da an ga inda ya karta."

"Akwai?"

Na bi gefen gurbin da yatsa. Bakinsa a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa, kuma fentin ya ɗan yi tudu a kewaye. Na san wannan tudun. Haka fenti ke yi in ya bushe a jikin abin da ke tsaye. Na ce, "Babu. Tsanin yana nan tsaye har fenti ya kama. Daga baya aka kwantar da shi."

Wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya fara sakina. Na zauna a ƙasa. A zaunen nan ne idona ya faɗa kan abin da ita ba ta lura da shi ba.

Kusa da gurbin hagu, inda koren bai malala ba, akwai tarin ƙananan ɗigo, ɗaya kan ɗaya, wuri guda, faɗinsu bai fi tafin hannu ba. Kore ne. Ni ban taɓa koren ba a ranar, tsani kawai nake riƙewa. Kuma babu lauje a wurin. Burushin Sahabi ne yake ɗiga.

Na san fentin mai, na san nawarsa. Kafin burushi ya zubar da wannan tarin, mutum zai karanta Fatiha sau biyar ko fiye. Taku biyu da karɓar kofi ba su kai Fatiha ɗaya ba. Ke nan tun ina riƙe da tsani yake tsaye a samana, hannunsa a sake, wani abu ya same shi, bai iya shafa ba, bai iya sauka ba. Ɗigon yana sauka kusa da ƙafata ta hagu, ni ina kallon kumfar shayi.

Na koma baya ina bin laujensa launi-launi. Na farkon shekaru dogaye ne, a cike. Na gidaje ukun da suka riga koren, rawaya da ruwan toka, gajeru ne, wasu sun karye a tsakiya, wasu suna rawa. Wata biyu ko uku hannunsa yana faɗar ba shi da lafiya, a kan yadin da ni nake naɗewa kowace yamma.

Na nuna mata. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Malam Labbo, ba tsanin ba ne."

"Na gani."

"Amma ba ka ji sauƙi ba."

"Da na ɗaga kai sau ɗaya."

"Wannan ba ya cikin tamfol. Abin da ya faru kawai ya riƙe." Sannan ta ce in na yarda tana so a rataya shi wurin nuni, da sunana da nasa. Na ce akwai wadda ya kamata ta riga kowa gani.

Hanyar tana nan yadda muka bar ta, sai dai ta fi gajarta. Doso, Ƙonni, Illela. Mai babur ya ɗaure tamfol a baya yana mita. Na shiga gida rana ta yi sanyi. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance, idanunta a buɗe amma ba su kan komai. Ban kai ga yin sallama ba ta ce, "Labbo ne. Wannan jan ƙafar nasa ne."

Na durƙusa na gaishe ta. Aka kawo ruwa ban sha ba. Na ce, "Inna, ba zazzaɓi ba ne."

"Na sani. Direban da ka aiko bai iya ƙarya ba. Ko ruwan da na ba shi bai gama sha ba ya gaya mini daga tsani ne."

"Tun ranar kika sani?"

"Tun ranar."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"A wayar maƙwabta? Jira nake ka zo ka faɗa da bakinka."

Sai na faɗa mata sauran, wanda direban bai sani ba. Shayin, taku biyun, gurbin tsani, tarin ɗigo kusa da ƙafata. Ban rage komai ba. Tana saurare, hannunta na murza bakin zaninta.

Ta ce, "Ya kira ka?"

"Bai kira ba."

"Ba zai kira ba. Yana shekara shida kunama ta harbe shi, sai da na ga ƙafar ta kumbura na sani." Ta juyo da fuskarta inda muryata take. "Shi Allah ya karɓi abinsa a Yamai. Wannan na haƙura da shi tuni. Ɗayan ɗan nawa kuwa kai ka riƙe mini shi shekara tara. Shi ne ban gama haƙura ba."

 Ta ce, "Ina abin da ka zo da shi? Na ji an sauke kaya."

Na shimfiɗa shi a gabanta. Na ce, "Inna, ba za ki iya gani ba."

"Kawo hannunka."

Na kama hannunta na ɗora. Fentin shekara biyar yana da tudu da kwari. Na bi da yatsunta kan lauje ɗaya, na ce wannan nasa ne. Ta bi na biyu da kanta, ta bi na uku. Ta taɓa wani dunƙulen ɗigo ta ce, "Wannan kai ne," ban gaya mata ba. Sannan na ja hannunta zuwa tsakiya. Ta shafa diddigen, ta bi gefen ƙafar a hankali, ta ƙirga yatsu. Da ta kai kan ƙaramin, wanda ya hau kan na kusa da shi, sai hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Ga shi nan."

Aka kira magariba ba ta ɗauke hannun ba.

Na yi wata ɗaya a gida. Tamfol ɗin can na bar shi, a kansa take zama yanzu da hantsi. Da na dawo Yamai Madam Ramatu ta tambaye ni ina yake. Na ce yana wurin nuni, mai kallon ɗaya ce, kuma da hannu take kallo. Ina zuwa gida duk bayan wata biyu. Inna ta daina tambayata yaushe.

Na je Katako na sayi sabon yadi mai kauri, na kai wa telan Zongo ya ɗinka mini jan faci a kusurwa. Ya tambaye ni amfanin faci a yadin da bai yage ba, na ce ya ɗinka kawai. Har yau in ina sama nakan ji an dafa tsani. Yanzu ina dubawa. Ba kowa, sai yadin a shimfiɗe. Dama ta fara cika da ɗigona. Hagu tana nan fara, kuma kowace safiya ina shimfiɗa ta jikin bango.